Askar da Inna Habsa ta Sayo

"To sai yaushe? Sai kin cinye kanki da farce?"

"Inna, ki rage murya. Maƙwabta na ji."

"Su ji mana. Su da suke ganin kina tafiya kamar wadda ta taka ƙaya, me ya rage ba su sani ba? Gishiri ne, Kadi. Na faɗa bara, na faɗa bana. Gishiri kuwa ba ya jin jiƙo, ba ya jin hayaƙi, sai an tsaga an fitar da shi."

Kadidia ta gyara zama. Tana zaune a kan kifaffen turmi, rabin jikinta a kai, rabi a iska, don ta daɗe da manta yadda mutane ke zama su saki nauyinsu. Ta matse cinyoyinta tana jiran abin ya wuce. Bai wuce ba.

Inna Habsa ƙanwar mahaifiyarta ce, ita ta goye ta tun ranar da aka kai uwar makwancinta, kuma da mijinta ya rasu sai ta dawo gidan Kadidia da zama. Kullum tana nan a inuwar katanga, a kan ƴar tabarmarta da ba ta yarda kowa ya hau, ga kaskon turare a gefe yana hayaƙi tun safe har magariba. Zannuwanta kuwa ba sa rabuwa da igiyar shanya. Ko a wannan shekara da ake kwana a layin famfo da bido, wato jarka, sai ta sami ruwan da za ta ɗauraye zane.

"Na yi magana da Indo ungozoma," in ji Inna Habsa, ta sassauta murya. "Lahadi da hantsi za ta zo. A rufe ƙofa, don an ce doka ta hana, sojan nan masu mulki kuwa ba su san wasa ba. Har aska na sayo, sabuwa fil, tana cikin takardarta. Ƴar tsaga ce a ciki, baƙin jinin ya fita, shi ke nan kin huta. Ni ma an yi mini ban kai shekarunki ba, ga ni nan ban mutu ba."

Kin huta. Wannan kalma ce ta shiga zuciyar Kadidia ta zauna, kamar baƙon da aka daɗe ana jira.

Ƙaiƙayin ya fara ne bayan ta yaye Aissa, ƴarta, a can gaba, inda mace ba ta faɗa ko wa uwarta sai da sunkuyar da kai. Da farko kamar tafiyar kiyashi. Daga baya ya zama wuta mai hankali, wadda ta san lokacin salla da lokacin da baƙi suka zauna. Takan farka da safe ta ga jini a ƙarƙashin farcenta, ta san hannunta ya ci amanarta tana barci. Tsarki ya zama azaba. Babu abin da ba ta gwada ba: ruwan bagaruwa mai zafi, jiƙon kanwa, turaren tsuguno har ƙafafunta su sage, miski, da ƙwayoyin ciwon sanyi na masu talla a faranti. Duk lokacin da abin ya ƙaru sai ta ce ƙazanta ce, ta ƙara wanki, ta ƙara hayaƙi.

Ga kuma Alkasum, mijinta. Wayyo Alkasum, wanda ya taɓa yin tattaki daga garin Cirozerin a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar gawayi, don kawai ya ga ta ɗaga ido ta dube shi a bikin ƙawarta! Yana aiki a ma'adinin gawayi na Anu Araren, sai ranar Asabar yake zuwa gida. Da can tun Juma'a take kitso da lalle. Yanzu da ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa sai gabanta ya faɗi. Takan juya masa baya ta ce kanta ke ciwo, ko ta ce ta gaji, shi kuma ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja jikinsa can ƙarshen gado. Tsakaninsu akwai faɗin da bai fi kamu biyu ba, amma a wurinta ya fi hamadar Tenere nisa.

"Allah ya kai mu Lahadin," ta ce wa Inna Habsa.

Shekarar ta yi wa kowa nauyi. Damina ta yi rowa a daji, ciyawa ba ta fito ba, makiyaya suna shigowa kasuwar dabbobi da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai rediyo ya fara furta kalmar yunwa a fili, aka kuma ce kowace uwa ta kai ɗanta likita, wato asibiti, a auna masa dantse. Wannan ne ya fitar da Kadidia washegari, Aissa a hannu.

Filin likitar unguwa a cike yake da matan daji, sun zube a ƙasa da yara masu jan gashi da manyan idanu, yaran da ko kuka sun gaji da yi. Kadidia ta sami gefen dakali ta ɗosana. Sau nawa ta zo ƙofar nan a shekarun nan ta juya? Wa zai kawo ƙaiƙayi inda ake kawo yunwa? Ta ji kunyar kanta har cikin ƙashi.

Da layi ya zo kanta, wata mata mai jiki, da tabarau ɗaure da zare, ta naɗa ma'auni a hannun Aissa ta saki. Ita ce Madam Saratu, ungozomar likita, wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo.

"Ƴarki ƙalau take, ta fi ni ƙarfi. Ke ce ba lafiya ba. Shigo."

"Ni? Lafiyata lau, madam."

"Tun safe nake kallonki. Dakalin nan babu garwashi a kansa, ni nake zama a kai in sha shayi. Shigo, ƙafafuna sun kumbura, kada ki sa ni roƙo."

A ciki babu kuran, an ɗauke wutar tun asuba. Madam Saratu ta zaunar da Aissa bayan labule da kwalin magani ta yi wasa, ta rufe ƙofa, ta jira. Shirun nan ne ya karya Kadidia. Ta fara magana idonta a kan yatsun ƙafarta, kafin ta kai tsakiya hawaye sun gama jiƙa mata mayafi.

"Hau gadon in gani."

Ta kunna fitilar hannu ta duba a hankali, ba ta yi tsaki ba, ba ta yi salati ba, abin da Kadidia ta fi tsoro ke nan. Sai ta miƙo mata ɗan madubi.

"Kin taɓa dubawa?"

"Subhanallahi, madam!"

"Naki ne fa, ba na maƙwabciya ba. Duba. In ba ki san wurin ba, ina za ki shafa magani?"

Kadidia ta duba da rabin ido. Fatar ta yi fari fat, ta yamutse kamar takardar da ta jiƙe ta bushe, ta tsattsage a wasu wurare, wani gefen kuma ya yi kauri saboda susa.

"Kuturta ce?" ta tambaya.

"Ba kuturta ba ce. Da me kike wankewa?"

Ta lissafa mata. Madam Saratu na ji tana gyaɗa kai kamar mai sauraron labarin da ta haddace.

"Bagaruwa. Ƙanwata, da bagaruwa ake jeme fatar akuya. Kanwa kuma ita ke nunar da wake. Kin ɗauki fata mai ciwo kin jeme ta, kin dafa ta, kin yi mata banda a kan kasko, sannan kina mamaki tana kuka. Bon, saurara. Ciwon fata ne, yana da suna da Faransanci amma sunan ba zai sosa miki ba. Ba ƙazanta ba ce. Ba mijinki ya kawo miki ba, ke ma ba za ki ba shi ba. Jiki ne kawai yake faɗa da fatarsa, Allah kaɗai ya san dalili. Na gan shi a jikin tsofaffi, na gan shi a jikin ƴan mata."

Ta rubuta mata sunan wani man shafawa mai ƙarfi, ta nuna mata a kan yatsa iya abin da za ta lakato, ɗan kaɗan, a kan farin kawai, kullum da yamma har wata ya zagayo, daga nan a dinga ragewa. Ruwa zalla, ba sabulu, ba turare. Man kaɗanya marar ƙamshi in wurin ya bushe. Zanen auduga sakwa-sakwa. Farce kuma a yanke shi ƙasa, don susa ke kiran ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kira susa. Ta ce ta dawo a duba ta, in kuma ta ga gyambon da ya ƙi rufewa ko wani ƙullutu, kada ta jira, lokotoro, wato dakta, zai gani da kansa.

"Zai warke?"

Madam Saratu ta cire tabarau ta murza idanu.

"Zai kwanta. Za ki yi barci, za ki zauna kamar mutane, za ki koma wa mijinki. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, irin wannan ba ya tafiya gaba ɗaya. In kin manta da shi zai tuna miki. Zama za ku yi tare, ke ce dai za ki zama mai gidan."

Kadidia ta ji kamar an ɗora mata buhun gishirin Bilma a ka. Har abada? Ita da ta zo da gajiyar da ta fi ƙarfin shekarunta?

"Innata ta ce gishiri ne. Ta ce in an tsaga sau ɗaya, shi ke nan."

Madam Saratu ta mayar da tabarau ta dube ta.

"Yaushe?"

"Lahadi."

"Ba zan bi ki gida ba, kin ga abin da ke jirana a waje. Abu ɗaya zan faɗa miki. Mai tsagar ba ta ganin inda askarta ke shiga, mafitsara kuwa tana nan kusa, bayan fata ƴar siririya. Wadda aka taɓa wa ita, fitsari ba ya sake tsaya mata. Wasu kamar famfo, wasu ɗigo-ɗigo, su ɓoye shi shekara da shekaru da tsumma da turare. Ƙaiƙayin kuma yana nan inda yake, don a fata yake, ba a jini ba. Sauka, ki kira mini ta gaba."

Ta biya farmasi ta karɓi maganin, ta kamo hanya ta cikin lungunan tsohon gari, rana na dukan jan bango tana dawowa fuska. Tsumma da turare. Maganar na bin ta kamar ƙuda. Sai da ta zo daidai inda ake hango hasumiyar babban masallaci ta tsaya cik, har Aissa ta ja mata zane.

Tabarmar da ba a hawa. Zannuwan kan igiya. Kaskon da ba ya mutuwa. Inna Habsa da ba ta taɓa wuce rabin sa'a a gidan biki ba, da ba ta zuwa sallar idi, da mijinta ya yi shekaru yana kwana a zaure ana cewa zafi yake ji. Kadidia ta tashi a cikin wannan ƙamshi, ta ɗauka ƙamshin uwa ke nan. Ba ta taɓa tambayar abin da yake rufewa ba.

Ta jingina da bango ta yi kuka, wannan karon ba don kanta ba.

Amma gajiya ba ta jin hujja. Ta shafa maganin a yammacin nan, ya yi mata raɗaɗi. Washegari ƙaiƙayin na nan. Ranar Juma'a ya ɗan lafa da safe har ta fara murna, da azahar ya dawo kamar ya je cin abinci ne. Tana tsugune a bayan ɗaki tana cizon mayafi, sai ta ji wata murya a ranta na cewa ai ba kowa askar ke samu ba, wataƙila ke ki dace. Ɗan tulun maganin ya yi mata ƙanƙanta a hannu. Askar kuwa tana can ƙarƙashin tabarmar Inna, tana alkawarin gama komai kafin azahar.

Alkasum ya iso ranar Asabar da la'asar, ya shiga wanka ya daɗe kamar yadda ya saba a ƴan shekarun nan. Ya fito ya hura gawayin shayi a ƙarƙashin rumfa, ya ajiye mata ƙullin dabinon Ingal a gefe ba tare da ya dube ta ba. Inna ta shiga ɗaki da Aissa.

"Kadi," ya ce, yana ɗaga buta sama, shayin na zuba siriri. "Ana neman masu tsayawa aiki ranakun hutu. Na ce zan yi tunani. Na ga kamar zuwana yana takura miki."

Kofin da ke hannunta ya kusa suɓucewa.

"Baban Aissa, me ka ce?"

"Ba laifinki ba ne. Na san ƙaurin gawayin nan ba ya fita. Na sauya sabulu har kala nawa, na goge jikina da dutse har fata ta yi ja. Mace mai son ƙamshi irinki, kullum cikin turare..."

Dariya ce ta fara kufce mata, mummunar dariya mai haɗe da majina, sannan kuka ya biyo. Shi yana can yana goge kansa da dutse, ita tana nan tana jeme kanta da bagaruwa, kowa na zaton shi ne ƙazamin! Ta rufe fuska da mayafi, ta bayan mayafin ta faɗa masa. Ta faɗa masa duka, da kalmomin da ba ta taɓa zaton za su fita daga bakinta a gaban namiji ba: ƙaiƙayin, jinin, madubin, farar fatar, maganin da ba ya warkarwa sai dai ya kwantar, da Indo da za ta zo gobe.

Shayin ya tafasa ya zube a kan garwashi, bai kula ba.

"Duk wannan ke kaɗai?"

"Wa zan faɗa wa?"

"Ni mana. Ko ni baƙo ne?" Ya juya butar. "Madam ɗin ta ce har yaushe kafin ki ji sauƙi?"

"Watanni. Kuma ba zai tafi ba. Ka auri mace mai ciwo har kabari."

"Ni da nake tari tun da na shiga ramin nan, wa ya mayar da ni? Kadi, ban san komai a kan sha'anin mata ba, ba kuma zan shiga tsakaninki da Inna ba. Amma in don ni kike gaggawa, ni ba inda za ni. Na jira ina zaton ba kya sona. Jira ina sane kina sona, ai wannan hutu ne."

Ya miƙa mata kofi. Yatsunsu suka haɗu, ba ta janye ba. Ya juya hannunta ya dubi farcen, dogaye, da baƙi-baƙi a ƙarƙashi, ya riƙe su kamar wani abu mai fashewa.

Lahadi da hantsi Indo ta yi sallama, ƴar tsohuwa busasshiya da ƙullin tsumma a hammata da goro a kunci. Alkasum ya ɗauki Aissa ya koma zaure, amma bai fita ba. Inna Habsa ta sa sakata da kanta. An riga an ɗora ruwan zafi.

"Ina amaryar tamu?" in ji Indo. "Ke ce kika bar abu ya girma haka? Zo, ƴar nan, kafin ki ce wayyo an gama. Innarki ma da ƙyar aka danne ta a zamaninta, ji ta yanzu."

Inna Habsa ta ɗaga gefen tabarma ta zaro askar cikin takardarta. Da ta yunƙura za ta tashi, Kadidia ta ga yadda ta kai hannu baya da sauri ta gyara zane, ta kuma jawo kaskon kusa da ƙafarta. Sau dubu ta ga wannan motsi. Yau ne ta fara ganinsa.

Ƙaiƙayin na nan a lokacin, yana ci a hankali. Ta gaji, Allah ya sani ta gaji, har tana jin da za ta kwanta a kan tabarmar nan ta rufe ido a yi abin da za a yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kawo, Inna. In gani."

Ta karɓa ta warware takardar. Askar ta yi walƙiya a rana. Ta koma kan kifaffen turmin ta zauna, ta buɗe hannun hagu a kan gwiwa, ta fara yanke farcen babban yatsa, a hankali, har ƙasa. Sannan na kusa da shi.

"Ke, lalata ta za ki yi!" in ji Indo. "Habsa, ƴarki ta taɓu ne?"

Inna Habsa ba ta ko dubi Indo ba. Tana tsaye, hannu ɗaya riƙe da bayan zanenta, tana kallon ƴar da ta goya. Kadidia ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, ta bar kallon ya sauka kan igiyar shanya, ya dawo. Inna Habsa ta gane. Ta kawar da kai wajen katanga.

"Baba Indo, ki yi haƙuri, an taso ki a rana," in ji Kadidia, da murya mai ƙarfin da za a ji har zaure. "Ga dabino can ki tafi da shi. Ba za a tsaga ni ba, yau ko gobe. Maganina zan ci gaba da shafawa ko shekara nawa zai ɗauka. Inna, ki sauke ruwan nan. Gobe da safe zan koma wurin Madam Saratu, kuma ke za ki raka ni, tare za mu shiga."